Ina Faya-fayan?

Karo na tara ke nan allon kwamfuta yana ce wa Injiniya ba a ga faifan ajiyar bayanai ba. Tun safe yake fama da sabuwar uwar garken kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanansu, babbar manhaja ta ƙi hawa. Ya sauya katin da ke haɗa faya-fayan, ya tsine wa maƙerinsa, ga Manaja a kansa yana cewa in la'asar ta yi bai gyara ba, a nemo wani.

Da abin ya ishe shi, ya zaro aljihunan injin da ake saka faya-fayan a ciki. Duka takwas wayam. Ya juya wajen Manaja.

"Ranka ya daɗe, ina faya-fayan?"

"Ba kai ka ce amfaninsu in ɗaya ya lalace sauran su tsira ba? Ai jiya na rarraba wa ma'aikata, kowa ya kai nasa gida."