Maratayin Bindigar Baba

Takardar kanti na nan tana lilo a jikin sabon maratayin fatar da tsohon ya ɗaura wa bindigarsa mai baki biyu. Hannun damansa ya zama na riƙe sanda, dole bindiga ta koma kafaɗa.

Tun da aka fasa gidan maƙwabci 'yarsa ta nace ya bar gonarsa ta jihar Kentucky a Amurka, ya koma wurinta a birni.

"Baba, wannan maratayin ya yi maka tsawo. Na roba ya fi."

"Na roba? Sai ka ce wandon yara! Tsaya a falo ki zama ɓarawon, ki ga aiki."

Ya rataya, ya fito daga ɗaki da kuzari. Maratayin ya maƙale a mariƙin ƙofa ya fizge shi baya. Sanda ta faɗi, ya cafko bindigar, bakinta na kallon ƙirjin 'yarsa, yatsansa ya danne kunama.

Ƙyas ɗin ƙarfe kawai aka ji. 'Yar ce ta zare harsasan tun da safe. Shi bai duba ba.

Ya jingine bindigar, ya ɗauki sanda da hula, ya nufi motarta.