Mai Ɗinkin Hula da Yanar Ido

Tunda ka ce kai ma a bakin mutane ka ji, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari an yi wani mai ɗinkin hula, gwani na gaske, wanda in ya ɗora allura a kan ƙyalle sai ka rantse zanen tsirowa yake yi. Bayan la'asar yakan fito ƙofar gida, gindin darbejiya, su zauna shi da mahaucin unguwa da wani tsohon direba, akwatin rediyo a tsakiyarsu. Ba labarin da zai fito ya wuce ba su yi masa fashin baƙi ba. In aka ce an harba kumbo duniyar wata, direba ya ce ai man da zai kai shi can ma ba a haƙo shi ba tukuna. In aka ce an ƙera na'urar da ke hira kamar mutum, mahauci ya ce wani gajere aka ɓoye a ciki. In kuwa labarin 'yan fim ne, wance ta yi aure, wane ya saki sabuwar waƙa, to nan mai hula ke karɓe zance, ya yi ta bayani kamar shi ne waliyyi. Su yi ta dariya har a kira magariba. Hira ce mai daɗi wadda ba ta cutar da kowa, don ba mai shirin zuwa wata a cikinsu.

Ana nan sai yana ta fara rufe wa mai hula ido. Da farko zare ne ya ƙi shiga kafar allura, ya ce allurar zamani ce ba ta da kirki. Daga baya ja da ruwan goro suka zame masa abu ɗaya, dole ya ajiye ɗinki. Kafin shekara biyu, sai mutum ya yi magana yake gane shi. Ran nan aka faɗa a rediyo cewa likitocin ido sun sauka a asibitin birni, suna cire yana su sa wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar wake ba, washegari mutum ya gani. Nan take majalisa ta ɗauka. Mahauci ya ce shi ya san aikin wuƙa: ƙwaƙule idon ake yi a ajiye a faranti a wanke, in an yi rashin sa'a a mayar da shi a juye. Direba ya ce wani fasinja ya taɓa gaya masa idon akuya ake sawa, shi ya sa wanda aka yi wa ba ya iya wuce kwanon dusa. Aka bushe da dariya. Mai hula ma ya dara, amma tasa ba ta kai ciki ba, don yau a kan idonsa ake hirar. Ɗan hasken da ya rage masa, wanda yake bambance rana da inuwa da shi, shi yake tsoron a raba shi da shi.

Da ya shiga gida ya kwashe duka ya gaya wa matarsa. Ba ta yi musu ba, tambaya ɗaya ta yi: "Malam, cikin su biyun wa aka taɓa yi wa?" Kwana uku yana juya maganar, ran na huɗu ya ce ta ɗauko masa babbar rigarsa. A layin asibiti suka zauna kusa da wata tsohuwa da aka yi wa ido ɗaya bara, ta dawo a yi mata ɗayan, tana ta saƙar faifai kafin a kira ta. Matar mai hula ta karɓi faifan ta ɗora masa a cinya. Ya bi saƙar da yatsa daga tsakiya har baki, bai ji inda ta karkace ba. Mai sana'a ne, ya san lalube ba ya yin wannan. Da aka kira shi, da ƙafarsa ya miƙe.

Aikin bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba, zafinsa kuwa bai fi cizon cinnaka ba. Da safe aka ɗaye filasta, aka ɗauke auduga. Haske ya buge shi, ya runtse, ya sake buɗewa a hankali, sai ga fuskar matarsa dab da tasa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Yaushe kika yi furfura ba ki gaya mini ba?" Ta ce, "Kai dai jira a miƙo maka madubi." Suka yi ta dariya, hawaye na zuba, har likita ya ce a yi a hankali kada a fama ido. A mota kuwa bai bar kowa ya huta ba. Komai ya gani sai ya kira sunansa: ga jan sa, ga gero ya fid da kai, ga balbela uku a kan kuka.

Da ido ya warke ya koma gindin darbejiya da ƙyallensa, ya zura zare a allura tashi ɗaya. Mahauci ya matso, ya leƙa idon ta dama, ya leƙa ta hagu, bai ga komai ba sai ido lafiyayye yana kallonsa. Ya sosa ƙeya, ya rage murya, ya ce shi ma fa nasa na hagu ya fara dishi-dishi tun bara, kunya ce ta hana shi faɗa. Mako na zagayowa, mai hula ne ya shige gaba ya kai shi birni, direba na biye da su, wai shi rakiya kawai ya zo.

To, ka ji. Hira ba laifi ba ce, a yi ta a sha dariya. Amma in magana ta zo kan idonka, tashi ka je inda ake yi. Hausawa sun riga sun gama zance: gani ya kori ji.