Kwamfutar da ta koyi halin gari

Sati uku da kawo kwamfuta, ajujuwan 'yar kwalejin kasuwancin nan ta kusa da garin Suki suka zama wayam.

Mudir, wato shugaban kwalejin, Ustaz Abdulmuttalib, shi ya sayo manhajar da ke tsara jadawalin darasi da kanta, ya ɗauki Najwa aiki ta riƙa kula da ita. Jadawali ya fito tsaf, ba inda malamai biyu suka yi karo. Ɗaliban ne dai ba sa zuwa. An sa darasi ƙarfe bakwai, alhali jirgin fito bai ko taso daga tsallaken kogi ba. An sa wani ranar da ake sakar wa gonaki ruwa, kowa na can da fartanya.

"Ya Najwa," in ji mudir, "Lahadi in aji bai cika ba, ke da na'urar ku kama hanya tare."

Najwa ta tashi. Ta fita shan shayi wurin Iya Sabuwa, wadda ta shekara sha bakwai tana hura gawayi a bakin ƙofar kwalejin. Ta daɗe ba ta dawo ba. Washegari ma haka.

Ran Lahadi aji ya cika har da masu leƙe ta taga. Sabon jadawalin ya san 'yan tsallake sai tara, ya san Talata ta ban ruwa ce, har ya san malamin lissafi ba ya shiri da safiya. Mudir ya dinga shafa kwamfutar yana cewa ta koyi halin gari. Ya gayyato baƙi daga garin Rusairis su zo su gani.

Ana jibi za su zo, ya tsaya a ƙofa ya yamutsa fuska.

"Makarantar zamani da murhu a bakinta? Iya ta kwashe kayanta yau."

"Ustaz, ka yi haƙuri, ba zai yiwu ba," in ji Najwa.

"Dalili?"

Najwa ta ce ya biyo ta. Suka tarar da Iya duƙe kan faranti, ta jera kofuna layi biyar, Lahadi zuwa Alhamis, kowace ƙwayar wake darasi guda, tana ɗauka daga wannan kofi ta jefa a wancan.

"Manhajarka ban sake buɗe ta ba," in ji Najwa. "Abin da Iya ta faɗa nake bugawa."

Iya ko ɗagowa ba ta yi ba. "Matsa min daga haske, ɗana, Larabarka nake gyarawa."