Maganaɗisu na Uku a Jitar Safiyanu

Karo na uku ke nan Safiyanu yana dire jitarsa a teburin Alu mai gyaran rediyo a kasuwar Jega, kuma yau ko sallama bai yi ba. Kai tsaye ya taho daga injin casar shinkafa inda ya shekara tara yana wuni cikin ƙararsa, dusa duk a rigarsa.

Jitar lantarki ce ja, da ita ya yi suna a gidajen biki. Tun bara muryarta ta dushe. Siraran tsirkiyoyin nan masu zaƙi, masu tayar da mata rawa, sai ka ce an lulluɓe su da bargo. Alu ya ce a sauya maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda ke ɗaukar sauti ya kai wa sifika. Aka sauya. Aka sake da wani da aka aiko daga Legas. Ko alama.

Ga biki ranar Asabar a Maiyama, kuma Yasir, shugaban ƙungiyarsu, ya fara gayyato wani makaɗi daga Aliero. Wato za a ture shi ke nan. A bikin da ya wuce da idonsa ya kama Yasir yana rage masa ƙarar sifika a ɓoye. Munafunci ya yi yawa a garin nan! Har a gida matarsa Barakatu ta koyi magana ciki-ciki, in ya tanka ta rantse cewa sau biyu ta faɗa masa.

"Kai Alu, mi na yi maka?" ya daka masa tsawa. "Wanga tarkacen bola ka liƙa min, ko kai ma Yasir ya saye ka?"

Alu ya motsa baki kaɗan, ya sunkuyar da kai. Ya kwance tsirkiyoyin, ya narka dalma, ya ɗaura maganaɗisu na uku, sabo fil a kwalinsa. Safiyanu ya fizge jitar, ya jona waya, ya murɗa sifika har ƙarshe, ya kaɗa. Tattabarun saman rumfa suka watse.

"Ka ji ko? Mushe! Wallahi ba ka iya komi ba!"

Ya juya baya yana cusa jitar a jaka. Alu ko uffan. Raini har ya kai a zage mutum ya ƙi tankawa? Ya saɓa jaka zai fita, sai ya ji hannu a kafaɗarsa.

Alu ne, idonsa ya yi ja, yana miƙo masa yagaggen kwalin maganaɗisun da rubutu a baya.

"Jitarka lahiya lau take, yaya. Sau huɗu na kwaɗa maka kira yanzu a bayanka, ba ka waiwayo ba."