Yayan Katanga

Mai aski ya kashe injin a tsakiyar kan Shiru, ya bar shi da rabin suma, don ya samu hannun nuna teburin gasar ƙwallon ƙafa da ya manna a gefen madubi. Ƙungiyarsu ce ta uku daga ƙasa. Wasa ɗaya ya rage, na ranar Asabar. In an tashi canjaras sun sha, in aka ci su kuwa sai rukuni na biyu.

Shagon ya kaure da surutu. Direban tasi ya ce 'yan gabansu ko ƙofar gareji aka buɗe musu sai sun buga sama. Tela ya ce 'yan baya gudu suke kamar masu takalmin aro. Aka wanke koci tas, aka koma kan shugabanni. Mutum ɗaya bakin kowa ya tsallake, mai tsaron gida, wanda suke kira Katanga. Ba don shi ba, in ji su, da tun tsakiyar kaka an yi jana'izar ƙungiyar.

"Kai da kake ganinsu kullum," in ji mai aski, "ka ce wa ƙanin nan naka mun gode."

Shiru ya ce zai faɗa masa. Bai faɗa ba.

Shekara biyar ya ba Katanga. Shi ya fara tsayar da shi tsakanin sandunan shanya a tsakar gidansu, ya koya masa faɗuwa a kan haƙarƙari ba a kan gwiwar hannu ba, ya koya masa kallon ƙafar da mai bugu ya dasa maimakon idonsa. Sai yaro ya tashi ya fi shi tsawo, ya fi shi zafin nama, ya kuma fi shi farin jini. Yau ko a bakin titi ba mai kiran Shiru da wani suna sai Yayan Katanga.

A falon mahaifiyarsu hotunan Katanga uku ne. Shiru ya fito a ɗaya, daga gefe, rabin kafaɗarsa a waje. Abokan aikin matarsa kan aiko ta ta karɓo musu sa hannun ƙanin mijinta. Ita kuwa takan tsokane shi wajen wanki, wai kayansa na ranar wasa ba sa cin sabulu. Yakan yi dariya, ya tashi ya bar mata wurin.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Katanga ba shi da laifin da za a kama. Ko a rediyo aka yabe shi sai ya ce yayansa ne ya koya masa komai, masu shirin su ce Allah sarki, su wuce zuwa wata tambayar.

Shekara huɗu Shiru bai rasa wasa ko ɗaya ba, na gida da na waje. Wurin zamansa ɗaya ne, can ƙasa daf da layi, inda ake jin ƙamshin ciyawa. Jama'a na ihu a bayansa, shi bakinsa gum. Duk ranar da ƙwallo ta wuce Katanga, Shiru yakan sunkuyar da kai, na kusa da shi su dafa kafaɗarsa suna ba shi haƙuri. Ba su san fuskarsa yake ɓoyewa ba.

Shi dai ba faɗuwar ƙungiya yake so ba, haka yake gaya wa kansa. Rana ɗaya tak yake nema, da filin nan zai kira sunan ƙaninsa da bakin zagi.

Ranar Asabar da safe shi da Katanga suka je gaida mahaifiyarsu. Ta riƙe hannuwan Katanga biyu ta daɗe tana addu'a, sannan ta waiwayi Shiru ta ce ya kula mata da ƙaninsa.

Filin ya cika maƙil tun kafin la'asar. Baƙi suka fara ci, 'yan gida suka farke bayan hutun rabin lokaci, daga nan wasa ya koma gaban ragar 'yan gida. Katanga ya ture ta sama, ya kama ta ƙasa, ya tare wata da ƙafa. Duk tarewa sai filin ya ɗauki sunansa, Shiru kuma ya ji kamar ana ɗora masa dutse a ƙirji.

Saura minti biyu wani ɗan baya ya mayar masa da ƙwallo mai sauƙi, irin wadda yake tsayarwa ido rufe. Ta zille ƙarƙashin takalminsa. Ɗan gaban baƙi ya sure ta, Katanga ya bi shi ya cafko rigarsa ta baya, suka zube tare a gaban raga. Alƙalin wasa ya nuna bugun fenareti, ya zaro jan kati.

Filin ya fashe. Bakunan da suka wuni suna yabo suka juye. Robobin ruwa suka fara sauka a kan ciyawa. Daga sama Shiru ya tsinkayi muryar direban tasi yana rantsuwa cewa an sayi yaron nan. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga wuya har tafin ƙafa, daɗin da bai taɓa jin irinsa ba, kuma wannan karon ya manta bai sunkuyar da kai ba.

Katanga ya taho a hankali, hawaye na bin fuskarsa, bai nufi ɗakin canja kaya ba. Gaban yayansa ya zo ya tsaya, ya ga murmushin, ya yi kamar bai gani ba.

"Yaya," ya ce, "mai bugun fenaretin nan hagu yake bugawa."

Kafin Shiru ya buɗe baki koci ya finciko shi, mai tsaron gidansu na biyu, daga kan benci, ya cusa masa safar hannu, ya tura shi cikin fili ya je ya tsare ragar.