Kunnen Usta Shafiƙ

Midhat ya kwashe kwanaki yana danna maɓallan tsohon org ɗin surukinsa ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta tana ɗaukar sautin. Ya danna a hankali, ya danna da ƙarfi, ya riƙe har sautin ya mutu don kansa. Da ya gama, ya ce duk abin da ke cikin akwatin nan ya koma cikin kwamfuta, har da shaƙewar da yake yi idan ya ɗau zafi.

Org dai fiyanon lantarki ne, irin na da, mai jikin katako da ƙafafun ƙarfe, nauyinsa ya kai na firji. Da shi Usta Shafiƙ ya aurar da rabin Iskandariyya. Rana guda ya dawo daga wani biki ya ce ya daina, wai amaren yanzu ba su san kiɗa ba. Org ɗin ya samu ɗaki nasa shi kaɗai a gidan da mutum uku ke gogar kafaɗa.

Yanzu kuma Sausan, 'yarsa, matar Midhat, cikinta ya tsufa. Jariri na buƙatar ɗaki. Wani mai tara tsofaffin kayan kiɗa ya ce zai turo mota ranar Asabar.

"Baba, ba abin da za ku rasa," in ji Midhat. "Sautin yana nan, ko ƙura ba ta ragu ba."

Usta ya zuba wa bakinsa ido kamar mai ƙirga haƙora. Haka yake wa kowa, mun saba. Mutum ne da ba ya ɗaga waya, ba ya amsa gaisuwa daga baya, sai ka zagayo gabansa ka yi ta da kyau. A unguwa girman kai muke kiran abin, kuma muna yafe masa saboda hannunsa.

"Hoton tuwo ka ɗauka," ya ce, "kana cewa in ƙoshi."

"Wallahi ko ku ba za ku bambance ba."

"Ni? Kai, yaro, lokacin da nake kiɗa ubanka bai iya ɗaura wando ba."

Sausan ce ta raba gardamar. A rataya bargo a tsakiyar ɗaki, Midhat ya shiga baya da org da ɗan fiyanon robarsa mai haɗe da kwamfuta, ya riƙa kaɗa wanda ya ga dama. Idan Baba ya kuskure ko sau ɗaya, mota ta zo. Idan bai kuskure ba, kwamfutocin Midhat su koma baranda, jariri ya gaji wurinsu.

Midhat ba ya son a ce ya yi maguɗi. Ya haɗa duka biyun da lasifika guda, ya ɗora ta a kan matashin kujera, ya ɗora fiyanon robar a cinyarsa. Usta ya ja kujera ya zauna, ya cire takalmi, ya cire safa, ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a kan katakon daɓen.

"Baba, a wannan sanyin?" in ji Sausan.

"Ƙafata ce ko taki?"

Kiɗa ya tashi, wani tsohon taken shigowar amarya. Da ya tsaya, Sausan ta leƙo fuskar mahaifinta.

"Wanne ne?"

"Nawa ne."

Aka sake.

"Wannan fa?"

Usta ya yamutsa fuska kamar ya sha shayin da aka manta sukari. "Ba rai. Gawa ce aka shafa wa hoda."

Midhat ya kaɗa kwamfuta sau biyu a jere don ya rikita tsohon, tsohon bai rikice ba. Ya kaɗa org a hankali, yatsa na lallaɓa maɓalli. Usta ya daɗe kafin ya yanke hukunci, gumi ya tsattsafo masa a goshi, yatsun ƙafarsa suka danne daɓe. Sausan ta ga tsoro a idonsa, abin da ba ta taɓa gani ba, har tausayinsa ya kama ta.

"Nawa ne," ya ce a ƙarshe. "Amma hannun da ke kansa na mai gyaran famfo ne."

"Haba Baba, ko aljani ke raɗa muku?" Midhat ya ɗaga murya daga bayan bargo.

Usta bai tanka ba. Sausan ta ce a ranta, girman kan ya motsa.

Midhat ya yaye bargon da kansa. Shi da ya ɗauki sautin, da kunnuwansa biyu lafiyayyu, ba ya jin bambanci ko na ƙwayar zarra. Ya sunkuya ya sumbaci kan surukinsa, ya fita neman wanda zai taya shi ɗaukar teburin kwamfutocinsa zuwa baranda.

Usta ya tashi ya zare wayar lasifikar Midhat, ya mai da org ɗin kan lasifikar da ke cikin akwatin org ɗin. Ya zauna yana fuskantar bango. Sausan ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙeyarsa.

"Baba," ta ce, "idan namiji ne, sunanka za mu sa masa."

Bai juyo ba. Ta jira kaɗan, abin ya sosa mata rai, ta share ido ta ja ƙofa.

Shi kuwa ya danna maɓalli mafi kaurin sauti, bugunsa ya bi ƙafar ƙarfe ya sauka a katakon daɓe ya shiga tafin ƙafarsa, yadda ya yi ta yi ɗazu, abin da fiyanon roba a kan cinya ba zai taɓa yi ba. Ya kwantar da kumatunsa a jikin akwatin, rawar sautin ta ratsa masa haƙora. A duk duniya wannan ne kaɗai ya rage mai yi masa magana, domin tun daga bikin nan na ƙarshe Usta Shafiƙ bai ƙara jin ko ƙarar rufe ƙofa ba.