Sai Na Karɓi Mabuɗi

A matakalar masaukin da ƙaramar hukuma ta ajiye su a kudancin Landan Dermot ya tarar da Lorna, tana ninke kayan makarantar 'yarta. Ɗaki ɗaya suke ciki, ita da yarinyar. Ya zauna kusa da ita, ya buɗe tafin hannunsa. Zobe ne.

"Ki aure ni, Lorna. Ku dawo wajena, ɗaki biyu gare ni."

Ta dubi zoben, ta dubi farcensa da fenti ya bushe a kai, ta ci gaba da ninki.

"Ranar da na tare gidanka za su cire ni daga layin masu jiran gida. Sai su ce na samu wurin zama."

"To ai kin samu."

"Haya kake yi, Dermot. Mai gida ya ga dama, kafin hunturu ya tashe ka. Gidan hukuma kuwa, in ya shigo hannuna, babu mai fitar min da 'ya."

"Wato ba ki yarda da ni ba."

Ba ta musa ba. Ta naɗe masa yatsunsa a kan zoben, ta jima ba ta saki ba.

"Ka riƙe. In na karɓi mabuɗi, kai ka taho gidana."

"Yaushe ke nan?"

Wata budurwa ta sauko, suka matsa ta wuce. Lorna ta bi ta da kallo.

"Uwarta na gabana a layin," in ji ta. "Budurwar nan tana rarrafe aka rubuta sunansu."